Kwano Ɗaya a Maitumbi

Kukan rabuwa da Inna da 'yata Nana ku bar mini shi, nawa ne. Labarin da zan ba ku daga tashar Katsina ya fara, inda na tsaya da ƙullin kayana a ka, muciyata da ludayina ɗaure a gefe, ina gaya wa duk wanda ya kalle ni cewa Minna za ni. Ni ce Mariyama, bazawara, haifaffiyar Maraɗi, kuma kafin ranar ban taɓa wuce Jibiya ba. Wata Hajiya mai kai mata aikatau ce ta shigo unguwarmu ta ɗanɗana dambuna, ta lashe yatsa, ta ce wannan hannu bai kamata ya tsufa a Maraɗi ba, akwai wani gidan abinci a Minna da ke neman irina. Ni kuwa abin da ke kayar da ni ke nan, a yabi girkina. Ta karɓi ladan hanya, ta ba ni lambarta, ta ce in na sauka in kira.

Tun daga Zariya bakina bai rufu ba. Ƙasa ta yi kore shar, masara ta fi mutum tsawo, itatuwa ba mai ƙirga su. Da muka hau gadar Kaduna na ga ruwa ja yana tafiya ba iyaka, sai na yi kabbara da ƙarfi har mutumin da ke kusa da ni ya farka a firgice yana tambayar ko 'yan fashi ne. Na ce masa ruwa ne. Ya harare ni ya koma barcinsa, ni kuwa na ci gaba da kallo, ina ta tara labarin da zan ba Nana.

Bayan la'asar direba ya tsaya a wata mararraba mai cike da manyan motoci da masu gasa masara. Ya sauke mini ƙullina da kansa, ya ce, "Hajiya, ga Minna nan. Ki tsallaka titi kawai, kin shiga gari."

Na yi masa godiya har da durƙuso. Ba wannan ne abin haushin ba. Abin haushin shi ne na kwance ƙullina na ba shi cukwi guda biyu, busasshen cukun garinmu, daga guzurin da Inna ta yi mini, na ce ya kai wa iyalinsa. Ya karɓa, ya sa albarka, ya ja motarsa ya nufi Abuja. Na tsallaka titi ban ga gari ba, sai rumfuna da gidan mai. Na kira Hajiya, waya ta ce a kashe take. Na sake kira har cajin wayar ya kusa ƙarewa, amsar dai ɗaya ce.

Ina zaune a kan ƙullina, hawaye na shirin zuwa, sai ga wata dattijuwa gajera ta taho da babban kwando a kafaɗa maimakon a ka. Duk da halin da nake ciki sai da na saki baki ina kallonta. Ta tsaya ita ma tana kallon muciyata.

"Yarinya, ina ne ka na tafiya?"

Na ce, "Inna, ai na iso. Minna na taho."

Ta sauke kwandon ta dafe ƙirji. "Minna? Kai! Nan Dikko ne. Minna yana gaba da nisa. Wannan direba barawo ne, Allah ya isa maka. Tashi, dauka kaya, mota na doya zai tafi yanzu."

Wannan ita ce Mama Talatu, Bagbagyiya, Kirista, mai sayar da doya. Ta kawo kaya kasuwa ta sayar, za ta koma gida a motar da ta sauke lodi. Ba ta tambaye ni dangina ba, ba ta tambaye ni addinina ba, ta dai miƙo mini hannu ta jawo ni bayan motar. Muka zauna a kan buhunan wofi, ruwa ya sauko ya jiƙa mu sharkaf, matan da ke ciki suka kama waƙa da yarensu, ni ma na kama amshi ban san me nake cewa ba. A Lambata ta saya mini gasasshiyar doya da manja. A Paiko na ga doya an tara ta tsibi-tsibi a bakin hanya, na tambaya ko ta gwamnati ce, suka yi ta dariya har muka shiga Minna.

A ɗakin Mama Talatu a unguwar Maitumbi na sauka. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta nuna mini gabas da kanta. Washegari da kwanakin da suka biyo baya muka bi gari a keke muna neman gidan abincin Hajiya, daga kasuwa har Bosso, ba wanda ya taɓa jin sunansa. Na ga jirgin ƙasa, na ga dutse a tsakiyar gari, na ga kifin dam ɗin Shiroro mai girman cinyata, amma aiki babu. Na fara tunanin da wane ido zan kalli Inna in na koma hannu wofi.

Wata safiya Mama Talatu ta zaunar da ni. Ta ce maƙwabcinta na bayan katanga, Malam Nasiru kafinta, mai shago a Tudun Fulani, yana neman mai girki. Matarsa Bilkisu ma'aikaciyar ofis ce, tana da ƙaramin ciki, ƙamshin kicin na tayar mata da zuciya. Sai ta rage murya. "Ciki biyu ya zube mata. Wannan na uku ne. Kowa a gida din yana tsoro. Ka dafa mata da kyau, ka ji? Ya ci, ya yi karfi."

Na ce, "Inna, in dai girki na, cikin nan ya zamna ya gama."

Haka na shiga gidan da cika baki. Malam Nasiru mutum ne mai sanyin magana, kakansa aikin layin dogo ya kawo shi Minna, ƙurar katako ba ta rabuwa da gashin hannunsa. Ya nuna mini buhun shinkafa da tarin doya da kwan kaji, ya ce duk abin da ta ce tana so a dafa, ko da tsakar rana ne in kira shi ya kawo. Ita kuwa Bilkisu, da ta fito sai na ga kyakkyawa siririya, idanu dara-dara, ta sa doguwar riga mai faɗi a kan wata rigar duk da zafin da ake yi. Na gaishe ta da "Tanti" irin na garinmu, ta yi dariya ta ce a nan Anti ake cewa, amma in bar shi a Tanti, ya fi daɗi. Nan take na ji ina son ta.

Tsarin gidan ne ya ba ni mamaki. Maigida a shago yake cin na rana, na dare kuma a falo gaban talabijin. Tanti a kula ake zuba mata, in kai ɗaki, ta rufe ƙofa. Ni kuma a ba ni faranti da cokali a kicin.

Ranar da Maigida ya ce a yi sakwara, ban ce ban iya ba. Yaushe zan ce? Na dafa doya, na zuba a turmi, na dake ta yadda ake dakan fura. Abin da ya fito, Allah ya sani, gudaji ne ke gaisawa da gudaji. Maigida ya ci loma biyu ya ce yau kamar ba ya jin yunwa sosai. Amma kular Tanti ta dawo wayam, kamar an suɗe. Na ɗaga ta sama na duba gindinta don murna. Washegari ma haka, jibi ma haka. Tuwo, shinkafa, faten doya, duk abin da na kai, kula wayam. Na kira Inna na ce mata ta kwantar da hankalinta, 'yan Nijeriya sun kusa cinye hannuna. Na ƙara yawan abin da nake zubawa. Maigida kullum sai ya leƙo kicin ya tambaya, in buɗe masa kula ya gani, ya yi hamdala ya fita da fara'a.

Wadda ba ta ci a gidan, a sanina, ni ce. A gidanmu na Maraɗi ba a taɓa ba mutum faranti shi kaɗai ba sai in ba shi da lafiya. Kwano ɗaya ne, mu zagaye shi, Inna na tura wa Nana nama, ƙanwata na satar ɓangarena, ana faɗa ana dariya. A nan kuwa in zauna a kan kujera 'yar tsuguno, ni da faranti da bango. In kai loma sai in tuna Nana, sai abincin ya tsaya mini a wuya. Kewa ta ci ni har zanina ya fara zamewa.

Mama Talatu ce ta fara tsinka mini zaren. Na kai mata ɗanɗanon sakwarata don ta ji abin da ake rububi a kansa. Ta taɓa, ta tauna, ta daɗe tana taunawa.

"Mariyama, wane ne ya ce yana cinye wannan?"

"Tanti mana. Dut take cinyewa."

"Mai ciki? Mai laulayi?" Ta girgiza kai. "Ko ni da na yi noma tun safe ba zan iya gama shi ba."

Na ji haushi, na ce hassada ce irin ta masu doya. Ta yi dariya ta ce in zo in ga abin arziki. Ta kai ni bayan ɗakinta inda take kiwon talotalo guda uku don Kirsimeti. Sun yi ɓul-ɓul, ƙirjinsu har yana jan ƙasa. Ta ce ita ma abin na ɗaure mata kai, dusar da take ba su ba ta ƙaru ba, amma kullum da rana sai su bi ta kafar katanga su ɓace, su dawo da ƙyar suna tafiya.

Rannan da na kai wa Tanti kula, ban koma kicin ba. Na zagaya ta lungun bayan gida. Talotalon nan uku suna tsaye a ƙarƙashin tagarta, sun miƙa wuya, sun fi ni sanin lokacin abinci. Taga ta buɗe a hankali. Siririn hannu ya fito da kula, ya juye tuwon shinkafa da miyar agushi da naman da na zaɓa mata da hannuna. Suka hau kai suna kuka irin nasu. Na ɗaga ido, ta sauke nata, muka haɗu.

Abin da ya fara zuwa mini ba tausayi ba ne, fushi ne. Girkina! Na koma kicin ina huci, na zauna gaban farantina, ban taɓa shi ba. Can sai ga ta ta shigo, karo na farko da na gan ta a kicin. Na zaci haƙuri za ta ba ni. Sai ta kalli farantin ta ce, "Mariyama, ke ma ai ba kya ci. Ina lura da ke. Kullum sai kin mayar da rabi tukunya."

Na ce, "Ni ban iya ci ni ɗai. Garinmu ba a haka nan."

Ta jawo kujera ta zauna. "To ci, ga ni nan."

"Garinmu ba a ci ana kallo. Ko ki sa hannu ko ki tashi."

Ta daɗe tana kallon tuwon. Ta wanke hannu, ta gutsuri wata 'yar loma da ko Nana za ta raina, ta kai baki. Da ta haɗiye sai hawaye suka zubo, ni kuma fushina ya bi iska.

A nan ta ba ni labari. Tana yarinya mai jiki ce, a makarantar kwana Buhu suke kiranta. Da bikinta ya matso, tela ta kasa rufe mata zif a gaban ƙawaye, aka yi ta shewa. Ta fara shan shayin rage ƙiba, ta daina cin dare, sannan ta daina cin rana. Ranar biki kowa yabo yake yi. Daga nan abin ya ƙi tsayawa.

"In na ci, sai in ji kamar na yi wani babban laifi. Na san cikin nan yana bukatar abinci. Wallahi na sani, kuma ina son shi fiye da raina. Amma in na ga loma sai maƙogwarona ya rufe." Ta kama hannuna. "Don Allah kada ki gaya masa. Zai ce ni na kashe masa biyun farko."

Ni abin ya fi ƙarfin kaina. A garinmu mata magani suke saya don su yi ƙiba, amarya in ba ta cika zani ba sai a ce ba a kula da ita. Ban taɓa jin mai gudun abinci alhali yana gabanta ba. Amma na yi mata alkawari, don a raina na riga na gama lissafi: matsalar kaɗaici ce da sakwara mai gudaji, kuma duka biyun ina da maganinsu.

Na ajiye kula, na sayo babban kwanon silba a kasuwa. Na koma girkin da na iya: dambu da zogale, tuwon gero miyar kuka, kwaɗon rama, fura mai sanyi. Mu zauna a tabarma mu biyu, ina ba ta labarin Maraɗi, ina kwaikwayon yadda direban nan ya karɓi cukwina, tana dariya tana kai loma. Wata rana har ta ci loma goma. Na yi rawa a kicin da muciya a hannu. Abin da ban gane ba shi ne, da mun tashi sai ta shige banɗaki ta saki famfo, ta daɗe, ta fito ido jajur. Na ce laulayi ne, ai mai ciki ta gaji amai. Cikin yana ɗan tasowa, ita kuwa wuyanta na ƙara tsawo, in ta miƙe sai ta dafa bango.

Wata safiya, ciki ya shiga wata na biyar, ina shara na ji ta ƙwala mini kira da wata murya da ban san ta da ita ba. Na same ta durƙushe a bakin gado, jini a zaninta. Ba abin da take cewa sai, "Ya sake, Mariyama, ya sake." Na yi waje ba mayafi ina kiran Mama Talatu. Ita ta tare keke, ta sauke fasinjojin da ke ciki da bakinta, ta kira Maigida. Mai keken ya bi ramukan Maitumbi a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, da muka isa asibiti kuma ya ƙi karɓar ko sisi.

Aka kwantar da ita, aka sa mata ƙarin ruwa. Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta duba idon Tanti, ta duba haƙoranta, ta juya bayan hannunta ta kalla, ta duba katin awo. Maigida ya iso da ƙurar katako a rigarsa. Likita ta ce jininta ya yi ƙasa sosai, nauyinta kuma maimakon ya hau sauka yake yi. Ta tambaya, "Tana cin abinci kuwa?"

Maigida ya yi saurin cewa, "Sosai ma, likita. Mun ɗauki mai girki musamman. Da idona nake ganin kula wayam. Ga ta nan, ki tambaye ta."

Likita ta juyo gare ni. Tanti ma ta juyo, idonta na roƙona. Na tuna alkawari. Na tuna cewa in na buɗe baki, aikin nan ya ƙare, kuma ba ni da wani a ƙasar nan. Sai idona ya sauka a kan ɗan tudun cikin da ke ƙarƙashin mayafin asibiti.

Na ce, "Likita, talotalon maƙwabta sunka ci."

Mama Talatu ta ce "Yesu!" a hankali, ta zauna. Ni kuwa da bakin ya buɗe sai ya ƙi rufuwa, na faɗi taga, na faɗi shayin, na faɗi famfo. Tanti ta juya fuska bango. Maigida ya tsaya kamar an dasa shi.

Likita ba ta yi faɗa ba. Ta jawo kujera kusa da gadon, ta ce wannan ba raini ba ne, ba iskoki ba ne, ba kuma rashin son haihuwa ba. Ciwo ne da ke shiga tsakanin mutum da abinci, sun san shi, ana kuma jinyarsa. Ta ce mai irin wannan ciwo ta fi shiga haɗarin ɓari da haihuwar bakwaini, shi ya sa ɓoye shi ya fi komai haɗari. Maigida ya buɗe baki da ƙyar ya ce, "To biyun farko…" Ta katse shi. Ta ce ba wanda zai iya rantsuwa a kan abin da ya zubar da su, ciki na zubewa saboda dalilai da yawa, kada ya ɗora mata, kada ita ma ta ɗora wa kanta. "Wanda ke gabanmu za mu duba."

Ta shafa wani mai a cikin, ta ɗora wata 'yar na'ura tana yawo da ita. Shuuu, shuuu, ba komai. Na riƙe hannun Mama Talatu har ta ce zan karya ta. Can sai ga shi: dum-dum-dum-dum, da sauri-sauri, kamar ana daka a gidan maƙwabta. Likita ta ce, "Ga zuciyarsa nan. Yana nan."

Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba. Guɗar Maraɗi sosai, har ta ƙarshen baranda sai da ta ji. Wata nas ta shigo a guje ta ce nan asibiti ne ba gidan biki ba, ta kore ni waje. Na fita ina kuka ina dariya, na rungume wata mata da ban taɓa gani ba.

Kwanakin da Tanti ta yi a asibiti ba ta yi mini magana ba. In na kai abinci sai ta rufe ido. Na ɗaure ƙullina, muciya da ludayi a gefe, na ajiye a ɗakin Mama Talatu, ina jiran a sallame ta a sallame ni. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na saba da ita, kuma na san na tona mata asiri a gaban mijinta.

Ranar da ta dawo ina kicin ina wanke tukwane na ƙarshe. Na ji tafiyarta a hankali. Ta tsaya a bakin ƙofa da kwanon silbar nan a hannu.

"Yaya Mari," ta ce. Ba ta taɓa kirana haka ba. "Likita ta ce kada in riƙa ci ni kaɗai. Kuma in na gama a zauna da ni, kada a bar ni in tashi. Har yanzu ina jin haushinki. Amma zuba mana."

Kada ku ɗauka daga nan komai ya miƙe. Akwai ranar da za ta ci, akwai ranar da za ta zauna gaban kwano tana kuka, loma ɗaya a hannu har ta huce. An hana mu yi mata dole, an hana mu yi mata gori, kaɗan-kaɗan ne sau da yawa a yini. Tana shan maganin ƙarin jini, tana zuwa awo a kai a kai, tana kuma ganin wani likita wanda aikinsa shi ne ya zauna ya saurari abin da ke damun mutum. Shayin nan Maigida da kansa ya zubar. Ya daina cin dare a gaban talabijin, ya ƙera mata wata kujera mai jingina, in na tashi shi ya zauna. Bayan kowane ci sai mu riƙe ta da hira har abin ya lafa, ni kuwa Allah ya hore mini baki. Labarin Maraɗi ya ƙare na shiga na ƙarya. Mama Talatu ta koya mini sakwara da zagi da dariya, har na iya. Da Kirsimeti ta kawo mana cinyar talotalo, tana ƙorafin cewa tun da na yi tsegumi suka rame.

Haihuwar ta zo kafin lokacinta. Mace ce, 'yar mitsitsiya, sai da ta kwana biyu a kwalbar bakwaini kafin a ba mu ita. Da na ɗauke ta ban ji nauyin komai a hannuna ba, amma ta buɗe baki ta tsala kukan da ya cika ɗakin. Nas ɗin nan ta nuna ni da yatsa tun kafin in motsa, ta ce in na kuskura. Na fita har bakin titi na yi guɗata a can. Aka sa mata suna Amatullahi, muna kiranta Amatu.

Jego ma da nasa yaƙin, don kowace baƙuwa da abin da za ta ce game da jikin maijego, ni kuwa na zama mai gadin ƙofa, mai maganar ƙiba ko rama ba ta daɗewa a ɗakin. Na je Maraɗi da ƙaramar salla na ga Inna, na dawo da Nana, yanzu tana makaranta a Maitumbi, har ta fara gyara mini Hausa.

Da sabuwar doya ta sake fitowa, shekara guda da saukata a Dikko, na kirɓa sakwara mai laushi, na yi miyar kifi. Nana na makaranta, muka zauna mu biyu a tabarma kamar kullum, Amatu a cinyar uwarta. Ranar ba ta cikin ranaku masu sauƙi. Tanti ta gutsuri loma ta riƙe, tana kallonta, na ga maƙogwaron ya fara rufewa. Na buɗe baki zan fara wata ƙaryar, sai Amatu ta zabura ta cusa yatsunta duka biyar a cikin kwanon. Ta damƙo sakwara, ta shafa rabi a hanci, ta tura sauran a baki, tana kallon uwarta tana tauna da dasashi.

Tanti ta yi dariya har da hawaye. Ta ce, "Yaya Mari, kin ga marar kunya, ko tayi ba a yi mata ba."

Na ce, "Garinmu ba a ci ana kallo. Ke take jira."

Ta kalli 'yarta, ta tsoma lomar a miya, ta kai baki. Na matsa gefe na gyara wa Amatu wuri a bakin kwanon.